Gaspard Ya Kama Mai Maguɗi

A hawan gonakin inabi Gaspard ya sake jin ƙarar. Siririya ce, kamar sauro ya maƙale a kwalba. Ya dubi damansa, ga Fulbert kafaɗa da kafaɗa da shi, baki buɗe, jijiyoyin wuya duk sun tashi.

"Na ji ka, tsohon ɓarawo," in ji Gaspard.

Fulbert ya ci gaba da haki. Numfashin tankawar ma babu.

Shekara arba'in ke nan suna wannan tseren keke duk Lahadi. Su tara ne a ƙungiyar, har da Fada Anselme, wanda yakan gajarta wa'azi in gari ya yi kyau. Daga ƙofar coci suke tashi, su bi gaɓar kogin Indre suna gulmar matattu da masu rai, su wuce tsohuwar fadar dutse da tattabaru suka gaje. Bayan gada akwai tudu guda ɗaya tal a duk kwarin, kuma a nan zumunci yake ƙarewa.

Gaspard tsohon mahauci ne. Bara aka yi masa tiyatar zuciya, likita ya ce ya rataye keke. Ya ce likitan ya rataye kansa. Bayan wata uku ya dawo kan sirdi, sai ga shi yana cin tudun nan kamar ɗan shekara talatin. Duk wanda ya tambaye shi sirrin, sai ya ce tafarnuwa ce da cukun akuya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Fulbert, bakaniken da ya rufe garejinsa saboda ciwon gwiwa, ya ƙi barin gefensa. Ga kuma ƙarar, wadda ba ta tashi sai a hawa.

Ranar Asabar ya kai wa matarsa Odile maganar a kicin. Tun da ya baro asibiti ta hana shi shiga rumfar baya, inda a da yake ajiye kekensa, wai saboda sanyi. Ita take goge masa keken, a bayan firji ma keken yake kwana.

"Fulbert inji ya ɓoye a cikin ƙarfen kekensa. Gobe zan tsiraita shi."

"Ka bar maganar nan, Gaspard."

"In bari? Mutumin da matakalar coci take gagararsa?"

Odile ta ci gaba da goge sarƙa, ba ta ɗago ba.

Washegari a kan gada Gaspard ya gitta kekensa ya tare hanya. Ya ce yau musaya za a yi tsakaninsa da Fulbert, kowa ya hau na ɗan'uwansa. In an samu inji, a kori mai shi daga ƙungiya, a kankare sunansa daga allon gwanaye da ke shagon shan kofi.

Mutum bakwai suka ga kogin ya yi musu kyau, suka zuba masa ido.

"Ɗana, yau Lahadi ce," in ji Fada Anselme.

"Shi ya sa, Fada. Ga ka nan, sai ya yi ikirarin zunubinsa a tsaye."

Fulbert ya riƙe kan kekensa gam. "Don Allah kada ka hau nawa, mutumina. Ba zai yi maka daɗi ba."

Gaspard ya fashe da dariya. Ya fizge keken, ya haye.

Tun daga gindin tudu ya shiga laluben maɓallin ɓoye. Ya danna ƙararrawa, ya shafa ƙasan sirdi, ya murɗa duk abin da yake murɗuwa. Keken ya yi nauyi kamar an ɗaura masa cinyar bijimi. Gumi ya karyo masa. Bugun zuciyarsa ya toshe masa kunnuwa, ko tsuntsu ba ya ji. Wata baƙuwa mai kwando a gaban keke, da ɗan karenta zaune a ciki, ta wuce shi har da gaisuwa.

A tsakiyar hawan ya ajiye ƙafa ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ya zauna a kan katangar gona, fuska fara fat.

"In shafa maka man masu barin duniya ne, ko za ka jira ruwa?" in ji Fada, yana yi masa fifita da hula.

Fulbert bai tsaya ba. Ya miƙe a guje a kan keken Gaspard zuwa saman tudu, inda Odile take jiransu da mota da kwandon abinci. Minti biyar ba a yi ba ta iso, ta tura wa mijinta ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ta zazzage shi tas a gaban jama'a.

Da jini ya dawo masa fuska, bakinsa ma ya dawo.

"Kashe injin ya yi kafin ya ba ni, munafuki! Mako mai zuwa da zarto zan zo."

Kowa ya ce haka ne, lallai haka ne. Aka cusa shi a mota, aka ba shi burodi da cuku ya riƙe.

Odile ta zagaya bayan motar, inda Fulbert yake ɗaure kekunan biyu.

"Ka ga abin da nake gudu ko?" ta ce ƙasa-ƙasa.

Fulbert ya leƙa ya tabbatar gilashin motar a rufe yake. "Gobe ki kawo mini kekensa gida. Injin da na ɗaura masa ya cika ƙara, zan canza masa marar sauti."