Liyafar Sabuwar Ungozoma

"Kai ka kashe mini ɗiya, majo!"

Wata tsohuwa ce ta tsaya tsakiyar wani gidan likita a bayan Dakoro, jinjiri a hannunta, tana fuskantar majo, shugaban ma'aikatan gidan. Jiya an rufe ƙofa ana liyafar tarbar sabuwar ungozoma, ɗiyarta kuwa tana waje bisa amalanke. Nan ta haihu, jini ya tafi da ita.

Ungozomar ta sunkuyar da kai. Jiya ita ce kusa da ƙofa, ta ji bugun tsohuwar sarai, amma shugaba na jawabi, kunyar baƙunta ta hana ta tashi.

Tsohuwar ta miƙa mata jinjirin. "Riƙe mini, 'yar nan. Ke baƙuwa ce, ba ruwanki."

Ta juya ga sauran ma'aikatan. "Wanda ya ji buguna ya fito ya faɗa wa marayan nan dalili!"