Ranar da Dada ta kira sunana

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba. Dada, mahaifiyata, ta kira ni sau biyu na ƙi amsawa.

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Kai, wancan," take ce min. Wata la'asar a gidanmu na Mbamoi tana kwance ba lafiya, muna langa a bayan ɗakinta, sai na ji sunana ɓaro-ɓaro daga bakinta.

Abokina ya fashe da dariya. "Yau Dada ta ajiye kunya! Je ka sha nono, jariri."

Na yi kamar ban ji ba. Ta sake kira, murya ƙasa-ƙasa: "Zo ka ɗaga min labulen nan, ba na ganin haske." Na ci gaba da tsalle da ƙafa ɗaya. Kafin magariba aka rufe mata fuska.

Kwanakin baya a teburin mai shayi a Jimeta, rediyo ya ce masana sun haƙura da wata na'ura mai aiki da hasken rana da suka sauke a duniyar Mars. Ƙura ta tare mata rana, sun kira ta sau biyu shiru. Ita ƙarfinta ne ya ƙare. Ni kuwa ina ji sarai.

"Baba, ƙarfe ne fa kake wa hawaye," in ji mai shayi.

Don Allah, in iyayenku sun kira ku, ku tashi ku je, ko ana muku dariya.