Gero da Maiwa a Turmi Ɗaya

Akwai wani manomi a wani gari da na taɓa yada zango cikin yawona, ko ta wajen Gumel ne ko ta Daura, sunan ya kwanta mini, amma gonar tana nan a idona. Mutumin ya daɗe a birni yana yi wa wani ma'auni aiki a kasuwar hatsi, inda ya koyi ware ƙwaya da ido: manya gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙanana a watsa wa kaji. Da mahaifinsa ya rasu sai ya dawo gida ya gaji gona biyu, ɗaya a jigawa, ɗaya a kwari. Cikin rumbu ya tarar da irin da tsohon ya bari, zangarniya ce ba a sussuke ba, wasu an ɗaure da kaba, wasu da ɓawon rama, dogaye da gajeru duk a cuɗe. Abin ya yi masa kama da hargitsi. Ya kwance ɗaurin duka, ya sa aka sussuke a turmi ɗaya aka sheƙe, sannan ya zauna da faifai yana ware ƙwaya kamar yadda ya saba, har ya cika ƙorai uku gwanin sha'awa.

Matarsa ta tsaya da taɓarya a hannu ta ce, "Malam, Baba fa bai taɓa haɗa na kaba da na rama ba."

Ya ce, "Hatsi ai hatsi ne. Baba ido ne ya yi masa rauni."

Ruwan shuka ya sauka, ya zuba manyan ƙwaya a jigawa, matsakaita a kwari. Tsiro ya fito kore shar, har masu wucewa suna yi masa barka. Sai da marka ta kama, rumbu ya kai ƙasa, gari ya zuba ido ga sabon gero, sannan ya lura da abin da ya hana shi sukuni. A kunya ɗaya, wani kara ya yi ciki ya fid da kai, na kusa da shi kuwa sai tsawo da ganye, ba alamar komai. Kullum da sassafe yakan ratsa gonar raɓa tana jiƙa masa wando, yana matsa wuyan kara da yatsu ko zai ji tauri a ciki. Sai ya ji fayau. Ya ce ko tsutsa ce, ya tsaga kara, ba tsutsa. Ya ce ko taki ne bai isa ba, to ai maƙwabcin karan a rami ɗaya suka ci. A gida kuma matarsa ta fara rage awo, tana cika tukunya da ganyen tafasa, ga goyo a bayanta.

Ran nan wani dattijo abokin mahaifinsa ya biyo ta bakin gonar, ko bisa jaki yake ko a ƙasa, ban riƙe ba. Ya tsaya ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka ana kai maiwa jigawa?"

"Baba, ni gero na shuka."

"Rabi dai. Na kaba shi ne gero, mai saurin nuna, na jigawa. Na rama maiwa ce, ba ta fid da kai sai damina ta juya baya, shi ya sa ake ba ta kwari mai riƙe laima. A tafin hannu ko ni ban iya raba su. Tun suna kan kara mahaifinka ke raba su."

Daga ranar manomin ya bar duban ƙasa ya koma duban sama. In ruwa ya ja kwana, maiwar jigawa za ta kai. In ya ɗauke da wuri, rabin gonar ya zama abincin dabbobi. Kowane yammaci yana tsaye yana kallon gabas. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, ya fara murna, sai iska ta zo ta watsa hadarin. Aka yi yayyafi sau ɗaya wanda ko ƙura bai kwantar ba. Daga nan shiru. Ganyen maiwa ya naɗe, ya yi ruwan ƙasa, karan ya bushe a tsaye da cikinsa wofi. Can a kwari kuma geron da ya riga ya nuna cikin maiwa ɗanya, tsuntsaye suka yi biki a kansa kafin a ankara. Abin da ya shiga rumbu a shekarar bai kai su bazara ba, sai da akuyar matar ta tafi kasuwa.

Amma kafin girbi an gan shi cikin gona da damin kaba a kafaɗa, yana bin kara ɗaya ɗaya, duk wanda ya riga fid da kai sai ya ɗaura masa kaba a wuya, don kada ya sake kuskure.

To ka ji. Duk mai ware kaya, ya fara tambayar mene ne ya raba su, kafin ya dubi inda suka yi kama. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.