Bayanin Ƙofa ta Uku

Tun da aka hana mutane taɓa ƙofofin madatsar ruwa, na'ura ce ke buɗe su, ita kuwa sai da rubutaccen bayani take aiki. Sau huɗu Baba Sallau, tsohon mai gadin ƙofofin, yana kawo nasa ofis ana mayar masa, ga albasar gari tana bushewa.

Malama Zinatu, mai duba takardu, ta kalli allo. "Baba, maki huɗu na'urar ta ba ka cikin goma. Ka ce ƙofa ta uku tana cijewa, a ɗaga ta kaɗan a saki. Tana tambaya, kaɗan nawa?"

"Ya danganta da laka, 'yata! Hannu ke ji."

"Ba ta da hannu, Baba. In ba lamba, sai dai a goge layin."

Ya tuna gonakin mutane, ya yi tsaki. "Goge."

Nan take tara ta fito. Zinatu ta ce, "Barka, gobe za a saki ruwa."

Baba Sallau ya miƙe. Ya saka takalmansa ya nufi gidajen da ke gangaren ƙofar, ya ce su kwashe yara da awaki tun yau, don ya san in ƙofar ta cije ruwan zai ɓalle a kansu.