Ruwan da Inna Ta Sha

Tun da aka buɗe bikin baje kolin sana'o'in hannu a filin makarantar ƙauyen, Auta mai rini ba ta zauna ba. Karon farko ke nan da ta samu rumfa, ga shi an ce alƙalan gasa suna nan zagayowa. Ta shanya wannan zane, ta sauke wancan, ta leƙa hanya, ta dawo tana murza hannu.

So take ta yi rini a gaban baƙi su gani da idonsu. Robar da take jiƙa sodar rini kuwa ta manto ta a gida, sai ta jiƙa a wata gorar ruwan sha, ta tura ƙarƙashin tebur kusa da ruwan da ta zo da shi.

Maƙwabciyarta mai saƙar kwando ta ce, "Ki ɗaura mata ko tsumma ne, a gane ta."

"Bari dai in gama jera kaya," in ji Auta. Ba ta sake bi ta kanta ba.

Mahaifiyarta ta taso takanas daga gari don ta ga rumfar autarta, duk da ciwon gwiwa. Sai da ta bi masu tukwane, ta bi masassaƙa, kowa ta tsaya wurinsa sai ta ce, "Mai rinin can 'yata ce, ku je ku sha kallo." Ta iso rumfar tana haki, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Auta, maƙogwarona ya bushe."

Daidai lokacin alƙalan suka tsaya a gaban tebur. Auta ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Inna, duba nan ƙasa, akwai ruwa."

Tana cikin yi musu bayanin launi ta ji gora ta faɗi. Da ta juya, Inna na durƙushe ta riƙe wuya da hannu biyu, baki buɗe, kuka ya ƙi fita.

A motar wani baƙo aka kai ta asibiti. Auta ta yi ta safa da marwa a baranda har likita ya fito. Ya ce za ta rayu, amma sodar ta ƙone mata hanyar abinci, ta taɓa maƙogwaro.

Yanzu ta bututu ake ba Inna kunu. Auta ce ke ba ta. Inna ba ta taɓa ɗora mata laifi ba. Ko da za ta ɗora, babu muryar.

Jama'a, soda da fiya-fiya da kalanzir ba a zuba su a gorar ruwan sha, ko na ɗan lokaci ne. Duk saurin da muke yi, mu tsaya mu sa wa mazubin guba alama, mu raba shi da inda mai jin ƙishirwa zai miƙa hannu.