Shingen Aguwa

Ina 'yar shekara takwas, a lambunmu na bayan Zango, nake riƙe wa Baba rassan aguwa yana kafawa a iyakarsa da ƙaninsa, Baffa. Farin nononta duk ya manne mini a yatsu.

Bayan la'asar sai ga Baffa. Ya ce, "Yaya, ai da zogale muka sa, gida biyu su ci."

"Har da awakinka, ko? Sun gama da tumatirina. Aguwa zan sa, ko akuya ba ta kallonta."

"To ni kake yi wa shinge, ba awaki ba."

Baffa ya sunkuya ya fara tumɓuke rassan. Baba ya juya fartanya ya maka masa ƙotar a goshi. Har cikin haƙorana na ji ƙarar. Baffa ya dafe wurin, jini ya gauraya da farin nonon da ke hannunsa, ya gangaro gemunsa. Bai rama ba.

Har yau ba na iya taɓa aguwa. Wadda Baba ya kafa ta kama, ta fi mutum tsayi. Akuya ba ta ƙara ƙetarowa ba. Baffa ma haka, sai ranar da ya zo wanke gawar Baba.