Mabiyiyar Ɗan Ladidi

Shekara uku ke nan da dokar ta fito: duk mabiyiyar jariri ta jami'a ce. Sukan gwada ta, in sun ga ciwo sai su dawo su ɗaure mahaifar uwar. Haka suka yi wa yayata.

Da hantsi matata Ladidi ta haihu a gida. Inna Tabawa ungozoma ta wanke mabiyiyar, ta miƙo mini a kasko.

"Maza bayan ɗaki, ɗan nan, kafin masu kular jami'a su iso."

Ina cikin haƙa rami wani mai farar riga ya shigo da kular ƙanƙara. Ba mu gaya wa kowa ba, amma ya san namiji ne.

"Barka da arziki, ango. Miƙo kayanmu."

"Malam, koma."

Ya yi dariya, ya kai hannu kan kaskon. Na sauke masa fartanya a wuyan hannu, na ji ƙashin ya karye. Ya yi ihu, na ƙara masa a baki. Haƙoransa biyu suka faɗa ramin. Na juye kaskon a kansu, na tura ƙasa, na tattake.

Inna ta fito, ta tsallake mutumin kamar icce.

"Cibiyar tana kallon sama dai ko?"

Na dubi ƙasar da na tattake.

"Kifewa ka yi?" Ta dafe ƙirji. "Wadda aka kife wa mabiyiya ba ta sake haihuwa, Ɗanjuma. Me ka rage wa jami'ar?"